Ƙasar da Ake Dakatar da Jiragen Sama Saboda Jarrabawa

A kowace shekara, wata ranar Alhamis cikin watan Nuwamba, Koriya ta Kudu takan yi tsit saboda 'ya'yanta. Ranar ce ɗalibai kimanin rabin miliyan suke zaman jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira Suneung. Ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni ba sa isa wurin aiki sai ƙarfe goma, don kada motocinsu su cushe wa yara hanya. Kasuwar hannun jari ma takan jinkirta buɗewa da awa ɗaya. 'Yan sanda suna tsaye da babura a bakin tashoshin jirgin ƙasa, duk yaron da ya makara a goya shi, a kai shi ƙofar makaranta da jiniya. Da ƙarfe ɗaya da minti biyar na rana kuwa, gab da a saka wa ɗalibai muryar Turanci su saurara su amsa tambayoyi, sai a hana jiragen sama tashi da sauka a faɗin ƙasar har tsawon minti 35. Wanda ya riga ya iso sai ya ci gaba da shawagi can sama har yara su gama.

Na ga wannan rana da idona. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon iyaye mata a ƙofar wata makaranta, sanyi yana kaɗa su, an rufe ƙofa tun da safe amma wasu sun ƙi tafiya gida. Ni malamin Turanci ne, kuma ban taɓa tsammanin akwai inda za a ɗauki darasin da nake koyarwa da nauyi har haka ba.

A Gwandu aka haife ni, kuma tsakanin Gwandu da Kalgo na yi aikin koyarwa a makarantun sakandare kafin Allah ya nufe ni da wannan tafiya. Tallafin karatu na gwamnatin Koriya, wanda aka fi sani da GKS, shi ya kai ni, don in yi digiri na biyu a fannin koyarwa. Da na je yi wa kawuna sallama, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To ɗana, in Turanci kaka nema, mi ya hana ka tai Ingila? Mutanen ga ai ba Turawa na ba." Na ce, "Kawu, shi ya sa za ni. Su ma koya suke yi kamar mu, ina so in ga yadda suke yi." Ya sa mini albarka, ya ce in riƙe salla.

Hanyar ba ta da dogon labari: Birnin Kebbi zuwa Abuja, Abuja zuwa Addis Ababa, sannan doguwar tafiya a sama har filin jirgin Incheon, wanda aka gina a kan teku da aka cike tsakanin tsibirai, aka buɗe a 2001. Sharaɗin tallafin shi ne shekarar farko ta tafi gaba ɗaya a koyon harshen Koriya, kuma sai mutum ya ci jarrabawar harshen kafin ya taka ajin digiri. Haka na koma kan benci tare da matasa daga Mongoliya da Indunusiya da Peru, muna haɗa baƙi da wasali.

Tun kafin in yi nisa, bari in amsa tambayar da matasanmu suka fi yi mini. Koyar da Turanci babbar sana'a ce a Koriya. Tun 1995 gwamnati take da shirin EPIK na ɗauko baƙi su koyar a makarantunta tare da malaman gida, makarantu masu zaman kansu kuma suna ɗaukar dubbai, a ba su albashi da ɗakin kwana. Amma bizar wannan aiki, wato E-2, ga mai koyar da Turanci an keɓe ta ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Akwai 'yar ƙofa da aka buɗe wa malamai Indiyawa ta hanyar yarjejeniyar ciniki. Nijeriya dai ba ta ciki. A ganina dokar ta yi ƙunci, domin ƙasar da ta haifi Chinua Achebe da Wole Soyinka ba za a ce ba ta da masu iya Turanci ba. Amma gidan mutane ne, kuma dokarsu ce, na bi ta. Koyarwar da na yi ta sa-kai ce, ba ko sisi, a wurare biyu da ɗaliban jami'a suke zuwa taimakawa: wata cibiyar kula da yara ta unguwa, da wata cibiyar walwalar tsofaffi. A waɗannan ɗakuna biyu na ga Koriyar da nake son in ba da labarinta.

Cibiyar yaran tana bene na biyu, a saman wani kanti. Irin waɗannan cibiyoyi suna ko'ina a ƙasar, domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi: in an tashi makaranta su zo, su yi aikin gida, su ci abincin dare, har iyayensu su dawo daga aiki. A bakin ƙofa kowa zai cire takalmi ya jera a kanta. Daɓen ɗakin yana da ɗumi ko da dusar ƙanƙara tana zuba a waje, saboda bututun ruwan zafi da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, dabarar da suka gada daga kakanninsu masu bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin ɗaki. A ƙasa muke zama, kewaye da gajerun tebura, zaman da na saba da shi tun ina makarantar allo.

Ranar farko yaran sun yi ta kallona, wani ƙarami ya nemi izinin ya taɓa hannuna, na miƙa masa. Kafin a jima wata ta ɗauko taswira, suka gano Nijeriya da kansu, suka ce in nuna musu garinmu. Babu Gwandu a taswirar. Na nuna musu kogin Kwara, na bi da yatsa zuwa Sakkwato, na sa ɗigo da fensir a inda ya kamata. Ɗigon yana nan har na baro ƙasar.

Harshen Koriya ba shi da sautin "f", don haka yaransu "p" suke sakawa a gurbinsa. Mu kuma a ƙasar Hausa sautukan biyu cakuɗe suke a bakinmu, "p" ɗin ne yake ba yaranmu wahala. A Kalgo nakan yanka wa ɗalibai siririyar takarda su riƙe a gaban baki: in sun rufe leɓe sun saki iska takardar ta yi tsalle, in sun ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa takardar ta yi rawa a hankali. Wannan takardar dai na yanka wa yaran Koriya, ta yi aiki, ɗaki ya cika da dariya da guntayen takardu, kuma ba wanda ya tafi gida sai da suka tsince su tas. Share aji da goge tebur aikin ɗalibai ne a can, tun daga firamare.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne wata yamma bayan mun gama darasi. Wata yarinya 'yar shekara tara, wadda Turancinta bai wuce gaisuwa da sunayen launuka ba, ta jawo wani littafi daga kanta ta duƙufa a kai. Na leƙa, na ga hoton zuciyar mutum. Na ce mata da ɗan Koriyancin da na samu, "Me yake cewa?" Ta ɗauki fensir ta zana mini zuciya da ɗakunanta huɗu, ta nuna ta inda jini yake shiga, ta inda yake tafiya huhu ya ɗebo iska, ta inda yake dawowa a tura shi sauran jiki. Ba hadda take yi ba. Da na yi mata tambaya ta baibai, ta tsaya ta yi tunani, ta gyara mini. Duk wannan da harshen da take magana da mahaifiyarta.

A jirgin ƙasa ina komawa masauki, ɗalibaina na Kalgo nake ta tunawa, samari da 'yan mata na babban aji, masu kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda za su zuba maka ma'anar zagayawar jini da Turanci ba tuntuɓe, amma in ka ce su bayyana maka da bakinsu sai a yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Tun suna ƙanana aka haɗa musu wahala biyu a lokaci ɗaya, ga sabon ilimi, ga sabon harshe, aka ce su shiga na farko ta cikin na biyu. Yaron Koriya kuwa lissafi da kimiyya da tarihi duk da harshensa yake koyonsu, daga firamare har jami'a. Likita da harshensa ya yi karatu, alƙali da shi yake shari'a, injiniyoyin Samsung da Hyundai da shi suke taro. Turanci darasi ne guda cikin darussa, kuma tun 1997 a aji uku na firamare ake fara shi a makarantun gwamnati, bayan yaro ya iya karatu da rubutu da nasa. Duk manomin shinkafa a fadamar Kalgo ya san ba a dashe sai iri ya yi ƙwari a wurin reno. Haka suke yi da 'ya'yansu.

Wannan bai zo musu a sama ba. A tsakiyar Seoul, a dandalin Gwanghwamun, akwai babban mutum-mutumin Sarki Sejong yana zaune da littafi a hannu, kuma hotonsa ne a takardar kuɗi ta won 10,000. A zamaninsa masu ilimi da haruffan Sin suke rubutu, dubban alamomi da sai ɗan gata mai shekaru na zaman karatu zai iya riƙewa. A 1443 ya ƙirƙiro wa harshensu haruffa, aka bayyana su ga jama'a a 1446, da nufin talaka ya iya rubuta abin da ke ransa. Su ne Hangul. A yau baƙaƙe 14 ne da wasula 10, kuma an zana manyan baƙaƙen da siffar harshe da leɓe da maƙogwaro a lokacin furta su. Baƙo mai himma yakan iya haɗa su cikin 'yan kwanaki. Masu ilimin wancan lokaci sun raina haruffan, suka bar wa mata da talakawa, aka ɗauki ƙarnuka kafin su sami gindin zama. Da Japan ta mamaye ƙasar daga 1910 zuwa 1945, a ƙarshen mulkinta ta fitar da harshen daga makarantu, kuma a 1942 aka kama malaman da suke haɗa ƙamus ɗinsa, wasu a kurkuku suka mutu. Yanzu ranar 9 ga Oktoba hutu ce a ƙasar, domin haruffa kawai.

Lokacin da Japan ta fita, kusan kashi 78 cikin ɗari na manyan Koriya ba su iya karatu ba. Sai ga yaƙin 1950 zuwa 1953, wanda ya rushe birane da makarantu, yara suka koma karatu a tantuna da filin Allah. Ana gama yaƙi suka shiga gangamin koya wa manya karatu, daga 1954 zuwa 1958. A 1960 abin da ɗan Koriya yake samu a shekara bai kai dala 200 ba; yau ya haura dala 30,000. Abin da ya kamata ya taɓa zuciyar ɗan Arewa shi ne, a waɗannan shekaru na 1950 ɗin mu ma muna namu Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana ta buga ƙananan littattafai da Hausa, dattawa suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a zaure. Tare muka tashi. Su suka ɗore.

Kuma mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake Gwandu, gwani ne a Larabci, ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili da manyan littattafai a nahawu da sarfu. Duk da haka gidan Shehu ba su ce sai wanda ya iya Larabci zai san addininsa ba. Sun yi wa'azi sun tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna koyar da mata da harshen da suke ji. A zamanin boko ma an gwada: Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife daga 1970, aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke wannan, aka koma Turanci zalla, bisa hujjar faɗuwar jarrabawa. Ni dai da na tsaya a gaban allo a Gwandu da Kalgo ban ga littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka raba wa yara ba, ban ga malaman da aka horar domin haka ba. Abin da ba a gwada da gaske ba, ba a ce ya gaza.

Ajin tsofaffi da safe ake yin sa. Yawancinsu mata ne, sun haura saba'in, waɗanda aka haifa a cikin yaƙi ko daf da shi. Wata daga cikinsu ta ba ni labarinta a hankali, don in gane: firamare kawai ta yi, aka tura ta masana'antar ɗinki a Seoul tana yarinya, albashinta ya biya wa ƙanenta makaranta. Matan da suka yi irin wannan rayuwa suna da yawa, kuma da guminsu aka ɗinka tufafin da ƙasar ta fara sayarwa duniya. Yanzu tana son Turanci saboda dalili biyu: sunayen kantuna da na gidajen bene a unguwarsu duk sun koma Turanci, har takan ɓata a garin da ta tsufa a ciki, sannan tana da jika a Amurka wanda Koriyancinsa ya yi rauni.

Littafin rubutunta na fi tunawa. Da fensir take rubutu, ta raba kowane shafi gida uku da rula: kalmar Turanci, yadda ake furta ta da haruffan Hangul, sai ma'anarta. In ta koma gida sai ta sake kwafe darasin gaba ɗaya a wani littafin mai tsabta, ta kawo mini in duba. Da hannu biyu take miƙo shi, ta ɗan sunkuya. Duk lokacin da na shigo aji sai ta dafa tebur ta miƙe tsaye, gwiwoyinta suna ciwo. Abin ya dame ni, domin a gidanmu ni ne mai durƙusa wa irinta. Na ce mata, "Kaka, don Allah ki zauna, ai ni jikanki ne." Ta ce, "A waje kai jikana ne. A nan malamina ne." Ba ta daina tashi ba.

Da ta gane ba na cin naman alade, sai ta mai da abin aikinta. In an kawo biskit ko wani abin taɓawa aji, ta sa tabarau ta karanta bayan leda layi-layi kafin ta bari ya iso gabana. Lokacin sanyi kuma gasasshen dankali take kawo mini a nannaɗe cikin jarida, da zafinsa. Ranar da ta yi magana da jikanta ta waya, jimla huɗu ko biyar da Turanci, ta zo ta maimaita mana su a gaban aji, tsofaffin nan suka yi ta tafi.

Tsakanin yara da tsofaffi akwai ma'aikata, su ban koyar da su ba amma na zauna da su. A unguwannin Jongno da Gangnam akwai makarantun da suke buɗe aji tun kafin gari ya waye sosai, mutum ya yi awa guda na Turanci sannan ya wuce ofis. Kamfanoni da yawa suna duba makin jarrabawar TOEIC, wadda ƙarshenta 990 ne, wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. A jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka ga magidanci da furfura, abin sauraro a kunne, leɓensa yana motsi. Ba wanda yake jin kunyar a gan shi yana koyo.

Wanda ya tashi a Gwandu ba sai an koya masa darajar malami ba. Malam Abdullahi littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Har gobe almajiri ba ya wuce malaminsa da takalmi. Abin da Koriya ta fi mu shi ne ta ɗauki wannan girmamawa ta zuba ta cikin tsari. Ranar malamai a can 15 ga Mayu ce, ranar haihuwar Sarki Sejong. Malaman firamare galibi daga jami'o'in horar da malamai guda goma na gwamnati suke fitowa, bayan an gama kuma akwai jarrabawar ɗaukar aiki mai tsanani. Albashi yana zuwa a ranarsa, kuma yana riƙe gida. Duk bayan 'yan shekaru ana sauya wa malamin gwamnati makaranta, don kada ƙwararru su taru a unguwar masu kuɗi a bar ƙauye da ragowa. Na ziyarci wata firamare a karkara, ɗalibanta ba su cika aji biyu na makarantunmu ba, amma da ɗakin karatu, da ɗakin gwaje-gwaje, da abincin rana mai zafi kyauta, malamai da yara suna ci daga tukunya ɗaya. Na tuna yaran Kambaza da Diggi da Dangoma, na ce su ma sun cancanci haka. Tun 2016 kuma doka ta hana malami karɓar kyauta daga iyayen yaran da yake ba maki, don kada ɗan talaka ya ji an fi shi.

Ba zan ce komai nasu daidai yake ba, su ma ba su ce ba. Bayan makarantar gwamnati yawancin yara suna wucewa makarantun ƙarin darasi na kuɗi, waɗanda ake kira hagwon, har sai da hukuma a Seoul ta sa dokar a rufe su ƙarfe goma na dare. A wannan lokaci titunan unguwar Daechi sukan cushe da motocin iyaye masu jiran 'ya'ya. A 2023 iyalai sun kashe won tiriliyan 27 da ɗoriya a kan irin wannan karatu, Turanci da lissafi ne suka fi cin kuɗin. Na ga yara suna gyangyaɗi a tsaye cikin bas, na tausaya musu. Tsadar renon yaro tana cikin abin da ya sa haihuwa ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a wannan shekarar, mafi ƙanƙanta a duniya, har makarantun ƙauye suna rufewa don babu yara. A 2023 ɗin dai dubban malamai suka fito zanga-zanga cikin baƙaƙen kaya saboda matsin da wasu iyaye suke yi musu, bayan rasuwar wata matashiyar malama, kuma kafin watan Satumba ya ƙare majalisa ta gyara dokoki don kare su. Ko a nan na ga abin koyi: malamai sun yi kuka, an saurare su cikin makonni. Gajiyar da ake ɗora wa yaransu kuwa ba na yi wa namu fatanta.

Zaman Musulmi a can yana bukatar haƙuri da lura, musamman wajen abinci, domin naman alade yana shiga miya da yawa. Kifi da shinkafa da ganye suka riƙe ni, har na saba da kimchi, kabejin da suke tsimawa da barkono da tafarnuwa. Ranar Juma'a nakan hau tudun Itaewon zuwa babban masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976. Musuluncin wannan zamani ya shiga ƙasar ta hannun sojojin Turkiyya da suka zo lokacin yaƙi, kuma a sahu za ka ga 'yan Koriya da Indunusiya da Uzbekistan da Pakistan da 'yan uwanmu na Afirka. Mutane ne masu kiyaye amana ƙwarai: ɗalibi zai bar kwamfutarsa a tebur a gidan shayi ya fita ya dawo ya same ta.

Ranar da ta fi faranta mini rai ita ce ranar da na je Yongin, kudu da Seoul, harabar Jami'ar Hankuk ta Nazarin Harsunan Waje, wadda aka kafa a 1954, shekara ɗaya bayan yaƙi. A sashenta na nazarin Afirka ana koyar da Swahili da Zulu da Hausa. Wani saurayi ya tare ni ya ce, "Sannu da zuwa, Malam, ina gajiya?" Sai da na ɗan tsaya kafin in amsa. Wani malamin sashen, Farfesa Jang Tae-sang, a Landan ya yi karatu, ya zurfafa bincike a kan tsarin karin maganar Hausa, kuma ya wallafa nazari a kai a wata mujallar adabin Afirka a 1999. Ɗaliban suna da littattafan koyon Hausa da bayani cikin Koriyanci. Sun yi mini tambayoyi a kan bambancin Hausar Kano da ta Sakkwato, na yi musu irin maganar kawuna, suka yi ta rubutawa. Mutanen da suke can nesa da Gwandu sun ga harshenmu ya isa a ba shi kujera a jami'a.

Na dawo gida na ci gaba da koyar da Turanci, ina kuma son sa kamar da. Yaranmu suna bukatarsa, don jarrabawa da aiki da hulɗa da sauran 'yan ƙasa. Abin da ya sauya shi ne yanzu nakan fara tabbatar da yaro ya gane abin da Hausa, ya iya faɗa mini shi da bakinsa, sannan mu ɗora Turancin a kai. Nakan kuma roƙi malaman lissafi da kimiyya su daina jin kunyar yin bayani da harshen da yaro yake ji.

Kirana ga malamanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero: ku zauna da malaman firamare ku rubuta ƙananan littattafan kimiyya da lissafi da Hausa, masu hotuna, masu araha, irin wanda yarinyar nan ta jawo daga kanta. Wannan ba sai an jira Abuja ba. Masu hannu da shuni na masarautar Gwandu su ɗauki nauyin bugawa, a ajiye a makarantu da masallatai da zaurukan masu unguwa.

Ku kuma matasa masu sha'awar zuwa Koriya, duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai samo muku aikin koyar da Turanci a can da fasfon Nijeriya, ku riƙe kuɗinku. Ƙofar da take buɗe ita ce ta karatu. Tallafin GKS yana biyan kuɗin jirgi da na makaranta da na zama, akan buɗe neman na digiri na biyu da na uku wajen watan Fabrairu, na digirin farko kuma wajen Satumba, ta ofishin jakadancin Koriya da ke Abuja ko ta jami'o'in kai tsaye. Ku gyara takardunku tun yanzu, ku nema da kanku.